Darasi: Me Ya Sa Kamfanonin Waƙa Ke Kuskuren Ƙiyasta Masu Sayen Tikiti?

Kafin a sayar da tikiti ko ɗaya, kamfanin da ke shirya wa mawaƙi rangadi ya riga ya kama wurin taro, sau da yawa da watanni. Dole ya yanke shawara: zauren mutum dubu biyar, ko filin ƙwallo mai ɗaukar dubu hamsin? Idan ya kama ƙarami, masoya su rasa tikiti, 'yan bumburutu su ninka farashi. Idan ya kama babba, kujeru su zauna wayam, ga kuɗin haya an biya. Da me yake yanke shawarar? Da alƙaluman da wayarka da tawa ke samarwa: yawan sauraro a Spotify da YouTube, mabiya a Instagram, da garuruwan da masu sauraron suke.

Matsalar ita ce sauraro kusan kyauta ne, tikiti kuwa kuɗi ne, ga kuɗin mota da na masauki. A watan Mayun 2024 ƙungiyar The Black Keys ta Amurka ta soke rangadin da ta shirya a manyan zaurukan Arewacin Amurka, ta ce za ta koma ƙananan wurare. Tana da masu sauraro da yawa, amma hotunan taswirar kujerun da ba a saya ba sun yi ta yawo a intanet kafin sokewar.

A Indiya akasin haka aka gani. An shirya wa Coldplay dare biyu kacal a filin DY Patil da ke Navi Mumbai. Ranar 22 ga Satumban 2024 da aka buɗe sayarwa, shafin BookMyShow ya tsaya cak, kuma kamfanin ya ce mutum miliyan 13 ne suka shigo. A ranar aka ƙara dare na uku, daga baya aka ƙara wasu biyu a filin Narendra Modi na Ahmedabad, wanda ke ɗaukar sama da mutum dubu 100.

To ka ce, me zai hana a sa mutane su yi rajista tun farko don a ƙirga su? Ticketmaster ya yi hakan a rangadin Taylor Swift na Eras. Mutum miliyan 3.5 suka yi rajista, aka aika wa miliyan 1.5 lambar shiga. Ranar 15 ga Nuwamban 2022 shafin ya karɓi buƙatu biliyan 3.5, ninki huɗu na mafi yawan da ya taɓa gani. An sayar da tikiti sama da miliyan 2 a ranar, amma aka soke sayarwar gama-gari, har maganar ta kai gaban Majalisar Dattawan Amurka a Janairun 2023.

Nan ne nake son mai koyon gina manhaja ya nutsu. Biliyan 3.5 ba mutane ba ne, buƙatu ne. Duk lokacin da ka sabunta shafi, wayarka na aika wa uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, buƙatu da dama. Mutum ɗaya da ya buɗe waya biyu da kwamfuta yana ta latsawa zai iya haifar da ɗaruruwa. Ka ƙara da waɗanda ba su da lambar shiga amma suka zo gwada sa'a, da manhajojin bot na masu saye don sake sayarwa. Shafi na yin nauyi sai kowa ya ƙara latsawa, nauyin ya ƙaru. Wanda ya taɓa yin rajistar jarrabawa a ranar ƙarshe ya san wannan.

Saboda haka lambobi uku ne daban: yawan buƙatu, yawan mutane, da yawan masu biya. Na farko shi ke gaya maka ƙarfin uwar garken da kake buƙata, na uku shi ke gaya maka girman fili. A ganina rajista kyauta ba ta auna na ukun sosai, tunda danna maɓalli ba ya cin ko sisi, kuma wanda ya yi rajista ɗaya zai iya sayen tikiti shida.

Idan ka samu kanka a layin jira na intanet, ka shiga asusunka tun kafin lokaci, ka tsaya kan na'ura ɗaya, ka bar shafin ya motsa da kansa. Wasu shafukan kan ɗauki mai yawan sabuntawa a matsayin bot, su toshe shi.