Yadda ake tafiya da na'urar GPS ta hannu a hamadar Tenere

Na'urar GPS ta hannu, irin Garmin eTrex, ba ta buƙatar layin waya ko data, domin sauraro kawai take yi. Can sama, nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, akwai taurarin ɗan'adam na Amurka fiye da 24, kowanne yana watso lokaci da matsayinsa. Da ta kama huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda kake tsaye, kuma a fili kuskurenta ba ya wuce 'yan mitoci. Kafin watan Mayun 2000 da gangan Amurka ke dagula siginar farar hula, har kuskuren ya kai mita 100, sai da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarni aka daina.

Wanda zai tashi daga Agadas zuwa Bilma, rabin aikinsa a gida yake yin sa. Ka fita tsakar gida inda ba rufi, ka kunna na'urar, ka ba ta 'yan mintoci ta nemo taurarin, musamman idan ta daɗe a ajiye. Daga nan sai ka shiga saiti, wurin da mutane suka fi yin sakaci.

Hanyar rubuta lambobin wuri ba ɗaya ba ce. Wani yana rubuta digiri da minti, wani digiri da ɗigo. Agadas tana kan digiri 16 da minti 58 arewa. Idan aka karanto maka haka, kai kuma na'urarka tana kan tsarin ɗigo, ka shigar da 16.58, to ka aje garin kimanin kilomita 43 kudu da inda yake, domin minti 60 ne ke cika digiri guda, digiri guda kuma kusan kilomita 111 ne. A cikin gari abin dariya ne. Idan rijiya ce aka ba ka lambarta, kana iya wuce ta ba ka hango ko alamarta ba. Saboda haka ka tambayi mai ba ka lambobi wane tsari ya bi, ka daidaita taka da tasa. Ma'aunin taswira kuma ka bar shi kan WGS 84, sai fa in da tsohuwar taswirar takarda kake aiki, irin ta Najeriya da aka zana bisa ma'aunin Minna.

Sai shigar da zangon hanya ɗaya bayan ɗaya: rijiyar Bishiyar Tenere, inda bishiyar ƙarfe ta maye gurbin wadda mota ta kaɓe a 1973, sai Fachi, sai Bilma. Ni dai na fi amincewa da lambar da aka karɓa daga direban da ya taka wurin da ƙafarsa a kan wadda aka kwafo a intanet. Kowace lamba ka sake rubuta ta a littafi da biro. Ka sayi batir ƙanana masu yawa, biyu-biyu na'urar take ci, kuma kada ka bar ta kan gaban mota rana ta gasa ta.

Ranar tashi, ka danna Mark ka adana inda ka tashi, ka share tsohon sawu, ka kunna sabo. Na'urar za ta riƙa zana duk inda ka bi, kamar mai zubar da tsaba daga ɓulallen buhu.

Idan ka zaɓi zango, kibiya za ta fito da adadin kilomitan da suka rage. Kibiyar nan miƙaƙƙen layi ta sani. Tsakanin Agadas da Bilma a miƙe kusan kilomita 560 ne, amma babu motar da ke bin wannan layi. Na'ura ba ta ganin tudun yashin da iska ta tara bana, ba ta san inda rairayi ke haɗiye taya ba, balle inda 'yan fashi ke kwana. Wannan sanin yana wurin jagora, irin mutanen da kakanninsu suka yi ta kai ayarin gishiri Bilma. Shi zai ce a kauce dama, kai kuma kana duba allo don ka ga kaucewar ba ta zama ɓata ba. Ka kuma sani, a ƙananan na'urorin da ba su da kamfas a ciki, kibiyar ba ta faɗin gaskiya sai kana motsi.

In iska ta taso da ƙura, sawun tayoyi ya shafe, ka tsaya. Kada ka yi ta zagaye kana ƙona mai. Ka danna TracBack, ta mayar da kai kan sawunka zuwa zangon ƙarshe da ka tabbatar.

Idan kuwa mota ta lalace, na'urar ba za ta kira maka kowa ba, tunda ba ta aika saƙo. Aikin wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya ke nan. Ka karanto lambobin ɗaya-ɗaya a hankali, ka faɗi tsarin da suke kai, ka sa mai sauraro ya maimaita maka, sannan kowa ya zauna kusa da motar a inuwa, a riƙa shan ruwa da lissafi har masu ɗauki su iso.