Darasin Mako: Idan Yaro Ya Dawo Makaranta Da Maganar Ibolushon

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), darasin wannan mako ya taso ne daga koken iyaye. Yaranmu da ke shirin WAEC da NECO suna karanta wani babi a bayoloji mai suna ibolushon, wato sauyawar halittu. Mun ji wani uba ya yage shafukan daga littafin ɗansa. Niyyarsa mai kyau ce, amma fa babin yana cikin manhaja, kuma yaron zai ji maganar a wajen abokai ko a waya.

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Na farko shi ne ƙaramin sauyi a cikin jinsi ɗaya, kuma wannan mun gani da idonmu. Manyanmu sun tuna lokacin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. Me ya faru? Ƙwayoyin cutar da suka jure maganin su ne suka rayu suka hayayyafa, har suka rinjayi sauran. Shi ya sa a 2005 Najeriya ta koma maganin haɗi na ACT. Kun ga ke nan, mai shan magani kwana ɗaya ya ajiye don ya ji sauƙi, taimakon cutar yake yi. Haka sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, domin mai AS ya fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani, sai gadon ya yawaita inda sauro ya yi yawa. 'Yan Kara ma ba sai an faɗa musu ba: Muturu, gajerun shanun nan Kurmi, suna jure sammore, Bunaji kuwa idan ta daɗe inda tsando yake sai ta rame. Wanda ya ƙaryata irin wannan da sunan addini, wallahi yaro zai daina yarda da shi a sauran maganar ma. Ai Alƙur'ani ya lissafa bambancin harsuna da launukanmu cikin ayoyin Allah a Suratur Rum, aya ta 22.

Na biyu shi ne babban sauyi: cewa a cikin miliyoyin shekaru sababbin jinsuna suna fitowa daga tsofaffi, kuma duk masu rai asalinsu ɗaya. Charles Darwin na Ingila ya shahara da wannan tun littafinsa na 1859. A nan sai mu yi adalci. Masana kimiyya ba su ɗauki ƙarami da babba a matsayin abu biyu ba, a wajensu ƙaramin ne ke taruwa ya zama babba, kuma suna kafa hujja da burbushin halittun da aka tono a duwatsu da kamannin ƙwayoyin gado. Sannan ba su ce birin da muke gani ya haifi mutum ba, cewa suka yi kaka ɗaya suka haɗa. Idan za mu yi jayayya, mu yi da abin da suka faɗa.

To ina iyakarmu? Allah ne Mahaliccin komai, babu abin da ke sauyawa ba da ikonsa ba. Annabi Adamu (AS) kuwa nassi ya zo ƙarara cewa daga yumɓu aka halicce shi, ba shi da uwa ba shi da uba, kuma a kan haka muka tsaya. Amma dalla-dallar yadda tsuntsu ko raƙumi ya kai kamanninsa na yau, nassi bai kawo ba, shi ya sa wasu malamai ba su tsananta a nan ba, wasu kuma suka ƙi batun gaba ɗaya.

A jarrabawa yaro ya rubuta abin da littafi ya ce masana sun faɗa, kawo maganar wani ba shi ne imani da ita ba. Idan kuma ya zo da shakka, don Allah kada a zage shi, kada a kira shi kafiri. A kawo shi wajen Liman. Ranar Asabar bayan La'asar za a zauna da 'yan SS3 maza da mata, kowa ya zo da littafinsa na bayoloji. Wallahu a'alamu.