Biyan Bashi Daban, Wanke Suna Daban

Wani bawan Allah mai harkar hatsi a Dawanau ya nemi obadiraf a bankinmu, yana so ya tari kaka ya tara riɗi da waken suya kafin su yi tsada. Na san shi. A 2020, lokacin kullen korona, kayansa suka maƙale, bashin da ya ci a wani ƙaramin banki ya gagare shi. Bai gudu ba, bai canja layi ba. Filinsa na gado ya sayar, ya biya uwar kuɗi da ruwa da tarar jinkiri. Tun daga nan ko manhajojin bashin nan na waya bai taɓa ba.

Muka jawo rahotonsa daga kamfanonin tattara bayanan bashi na CRC da FirstCentral, tunda Babban Banki ya ce sai an duba aƙalla wuri biyu. Sai ga tsohon bashin nan daram a kan BVN ɗinsa, wai ba a biya ba. Ƙaramin bankin nan ya karɓe kuɗin mutum, ba wanda ya damu ya aika da gyara. Kwamitinmu na ba da bashi ya ce a'a.

Da na faɗa masa, sai ya zura hannu aljihu ya zaro rasit a ƙulle cikin leda, ya sha ninki har tawadar ta koɗe. Hannunsa na rawa ya ce, "Yallaɓai, wallahi na biya." Na ce, "Alhaji, ni na yarda da kai, amma kwamiti bai san fuskarka ba, abin da ke rubuce yake karantawa." Dattijo da furfurarsa, idonsa ya kawo ruwa a gabana.

Abin da ya ƙara tunzura ni, ashe bara wani ɗan damfara ya karɓi kuɗinsa da sunan zai goge masa suna a na'ura. Jama'a, ba mai wannan ikon! Wanda ya shigar da bayanin shi ne zai gyara shi. Duk wanda ya ce maka yana da mutum a ciki, ɓarawo ne.

Shi ma Alhajin da nasa sakacin. Rabin cinikinsa ta asusun yaron shagonsa yake shiga, saura ta masu POS. Muka duba shige da ficen wata shida, kai ka ce mai tireda ne. Da me zan kare shi?

In ka gama biya, karɓi takardar shaidar ba a bin ka bashi, da sa hannu da hatimi. Rasit kaɗai bai isa ba. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar ganin rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ka duba tun kafin buƙata ta taso. Kada ka riƙa tsaya wa kowa garanto don kunya. Kuma na sake faɗa, kada ka ba kowa ko sisi don goge suna.

Mun taya shi rubuta ƙorafi, kuma in sha Allahu za a gyara, amma kafin nan kakar bana ta wuce shi.

Ku ma'aikatan da ke karɓar biya ku bar sunan mutum a cikin masu taurin bashi, ku ji tsoron Allah. Haƙƙi ne a wuyanku.