Maciji a Cikin Aji: Amfanin Darasin, Sharuɗɗansa da Iyakarsa

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila an daɗe da sabawa da ganin ƙwararren mai kula da dabbobi ya shiga makarantar firamare ɗauke da akwati mai ƙananan huji na shan iska, ya fito da maciji marar dafi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mutane, ya nuna wa ɗalibai shi, har ya bari waɗanda suka amince su shafa jikinsa. Wasu malaman kimiyya ma sukan ajiye irin wannan maciji a cikin akwatin gilashi a kusurwar aji tsawon shekarar karatu. Abin da aikin wayar da kai kan macizai ya koya wa masu yinsa, waɗanda marubucin wannan bayani yake cikinsu, shi ne cewa darasin yana da amfani ƙwarai idan manufarsa ta fito fili, wato a musanya firgici da sani da natsuwa, amma yana iya zama sanadin asarar rai idan yaro ya fita daga aji da tunanin cewa maciji abin ɗauka ne.

Tushen darasin yana komawa ga yadda tsoro yake shiga zuciyar yaro. A shekarun 1980 masaniyar halayya Susan Mineka da abokan aikinta sun nuna cewa biran da aka raina a ɗakin bincike ba sa gudun maciji, amma da zarar sun ga birin da ya taso a daji ya firgita da shi, sai su ɗauki wannan tsoro su riƙe shi. A 2008 kuma Vanessa LoBue da Judy DeLoache suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa ƙananan yara suna gano hoton maciji a cikin tarin hotuna da sauri fiye da yadda suke gano fure ko kwaɗo. Ma'anar waɗannan bincike biyu ita ce, ido yana da shirin lura da maciji tun da wuri, amma ihu da gudu da jifa abubuwa ne da ake koyo daga manya. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu; to amma yawancin yara suna gudun tsumman ne ba tare da an taɓa saransu ba, domin sun gaji firgicin daga iyaye da maƙwabta. Firgici kuwa ba ya kare mutum, tunda mai firgita shi ne yake taka abin da bai gani ba, ko ya matsa kusa da sanda don ya kashe macijin da yake neman hanyar tsira.

Idan yaro ya ga maciji a kusa, cikin kwanciyar hankali, yakan gano abubuwan da hoto ba ya iya koya masa. Zai ji cewa fatarsa a bushe take, ba mai yauƙi ba; zai lura cewa ba ya ƙifta ido saboda ba shi da fatar ido, sai wani ɓawo mai haske da ya rufe ƙwayar; zai kuma fahimci cewa harshen da yake zarowa ba makamin sara ba ne, abin shinshina ne da yake kwaso ƙamshin da ke cikin iska ya kai shi ga wasu ramuka biyu a rufin baki, waɗanda ake kira gaɓar Jacobson. A nan ne malami yake bayyana cewa maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa, sai dai ya nemi rana ko inuwa gwargwadon bukata, kuma wannan ne yake sa shi shiga ƙarƙashin tarin itace ko dami ko ramin ɓera. Daga nan sai a kai ga aikinsa a gona, domin macizai da yawa suna rayuwa ne da cin ɓerayen da ke ɓarnar hatsi a rumbu, kuma wani nau'in ɓera ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa. Cikin nau'o'in macizai kusan 4,000 da aka sani a duniya, kimanin 600 ne masu dafi, kuma wajen 200 ne Hukumar Lafiya ta Duniya take lissafawa cikin masu haɗari ga lafiyar ɗan Adam.

Ba kowane maciji ne ya dace da aji ba. Nau'i biyu aka fi amfani da su saboda rashin dafi da sanyin hali. Na farko shi ne macijin masara, Pantherophis guttatus, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka, mai launin ja da ruwan goro. Na biyu ita ce ƙaramar mesa mai dunƙulewa, Python regius, wadda idan ta ji tsoro sai ta naɗe jikinta ta ɓoye kanta a tsakiya maimakon ta kai sara. Wannan mesa 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, ana samunta a Nijeriya, kuma daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa kasuwannin Turai da Amurka, cinikinta kuma yana ƙarƙashin sa idon yarjejeniyar CITES mai kula da fataucin namun daji tsakanin ƙasashe. Tana iya rayuwa shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo, saboda haka makarantar da take tunanin ajiye ta dole ta san wanda zai ciyar da ita a lokacin hutu, da wanda zai karɓe ta idan malamin da ya kawo ta ya bar aiki. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce, macijin da aka kamo daga daji ba ya shiga aji, komai lafiyar da yake nunawa.

Tsarin zaman kansa yana da sharuɗɗan da suke kare yaro da dabba gaba ɗaya. Ana neman izinin iyaye a rubuce tun kafin ranar, ana zaunar da ɗalibai a ƙasa cikin da'ira ba tare da hayaniya ba, kuma mai kula da macijin ne kaɗai yake riƙe da shi, yana karkatar da kansa daga fuskokin yara. Wanda ya amince ya taɓa yakan sa yatsu biyu a tsakiyar jiki ya shafa zuwa wajen wutsiya, ba a kuma rataya wa kowane yaro maciji a wuya. Ba a fito da macijin da ya ci abinci cikin kwana biyu da suka wuce, domin yawan juyawa kan sa ya amayar da abin da ya haɗiya, haka nan ba a fito da wanda yake shirin yin saɓa, lokacin da idanunsa suke dishewa ya zama mai saurin tsorata. Yaron da ya ƙi taɓawa ba a matsa masa, ba a kuma bari 'yan'uwansa su yi masa dariya, saboda tilas tana ƙara tsoron da aka zo ragewa. A Ingila, dokar kula da jin daɗin dabbobi ta 2018 ta wajabta wa masu sana'ar baje kolin dabbobi su mallaki lasisi daga ƙaramar hukuma, kuma haƙƙin shugaban makaranta ne ya nemi ganin wannan takarda.

Haɗarin da ya fi yawa daga macijin kiwo ba sara ba ne, ƙwayar cutar Salmonela ce, wadda take zaune a hanjin dabbobi masu jan ciki ba tare da ta sa su ciwo ba, ta fita cikin kashinsu ta manne a fatarsu da akwatinsu. A jikin mutum tana jawo gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki, kuma takan yi tsanani ga ƙananan yara. Saboda haka Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu raunin garkuwar jiki, kada su taɓa irin waɗannan dabbobi. Wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu bayan taɓawa wani ɓangare ne na darasin, kuma ba a cin abinci a ɗakin har sai an goge inda macijin ya bi.

Iyakar darasin tana bayyana ne idan aka dubi ƙasashen da saran maciji yake kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne suke mutuwa da shi kowace shekara, a 2017 ta sanya shi cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta ƙaddamar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. A arewacin Nijeriya, asibitin jinyar saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe yakan cika da manoma da makiyaya a lokacin damina da kaka, akasarinsu kububuwa ce ta sare su. Wannan macijiya, Echis ocellatus, tsawonta bai cika wuce santimita 60 ba, amma dafinta yana hana jini daskarewa, ta yadda wanda ta sara zai iya ganin kamar yana samun sauƙi alhali jini yana zuba ta dasashi da cikin jiki. Akwai kuma wani maciji mai cin ƙwai, marar dafi, wanda zanensa da yadda yake goga ɓawonsa suka yi kama da nata sosai, har babba ma yakan ruɗe. Yaron da yake tallar itace ko kiwon awaki a irin wannan ƙasa ba shi da damar yin kuskure, don haka duk darasin da ya shafe shi dole ya ɗora a kan doka ɗaya: macijin da aka gani a waje ba a taɓa shi, ba a jifansa, ana ja da baya a kira babba.

Wannan ne kuma ya raba aikin wayar da kai da wasan gardawa da aka sani a kasuwanni, inda ake rataya kumurci ko gamsheƙa a wuya don a nuna cewa wani magani yana hana dafi kamawa. Mai wayar da kai yana faɗa wa ɗalibai a fili cewa ba shi da wani asiri, macijinsa marar dafi ne kawai, kuma shi kansa ba zai kama kasa ko kububuwa da hannu ba. Yana koya musu cewa idan sara ya auku ba a ɗaure wurin da igiya, ba a tsaga, ba a tsotsa, ba a ɓata lokaci wajen liƙa baƙin dutse. Ana cire zobe da munduwa kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar karya dafi. Idan macijin da ke tofi ya fesa wa mutum dafi a ido, ana wanke idon nan take da ruwa mai yawa kafin a tafi asibiti.

Makarantar da ba ta da ƙwararren da za ta gayyata kada ta nemi wanda zai kamo mata maciji, domin hotunan macizan yankin, da saɓar da aka tsinta, da ziyarar gidan zoo, da jawabin ma'aikacin lafiya a ranar 19 ga Satumba, wadda aka keɓe don wayar da kai kan saran maciji, sun isa su gina darasi mai ƙarfi. Ana auna nasarar wannan aiki ne da ɗalibin da ya koyi sa takalmi da riƙe fitila idan zai fita da dare, ya daina zura hannu a ramin da bai ga cikinsa ba, ya kuma iya gaya wa iyayensa, a ranar da ta ɓaci, cewa asibiti ya kamata a nufa.