Kwas na Aikin Hannu Domin Malaman Kimiyya: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malaman ofisoshinsu su san ma'anar taron nan da a kan kira malaman makarantun sakandare lokacin hutu, wanda waɗansu ke ce wa kwas, waɗansu kuwa bita. Mutane da yawa sun ɗauka zama ne kurum na sauraron lacca da karɓar kuɗin guzuri. Akwai irin wannan, ba a musu. Amma wanda za mu yi bayani dabam ne, watau wanda malami zai tuɓe babbar riga, ya ɗauki guduma da waya da kwalba, ya yi gwaji da hannunsa kamar yadda a ke so almajiransa su yi.

Dalilin Yin Kwas

A shekarar 1982 aka fara bin sabon tsarin makarantu a Nijeriya, watau shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a. Cikin darussan ƙaramar sakandare aka sa koyon fasaha, aikin katako da na ƙarfe da na lantarki. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen Turai da kuɗi masu yawa ta rarraba. To, a makarantu da dama ko buɗe akwatunan ba a yi ba, don babu wuta, babu ɗakin da za a kafa su, babu kuma malamin da ya taɓa riƙe irinsu. Tsatsa da gara da ɓarayi suka raba gadon.

Malamin da ya koyi kimiyya a allo, a allo zai koyar da ita. Zai zana kwalba da alli ya ce wannan ita ce kwalba, yara su kwafa, su haddace. Ran jarrabawar fita sakandare kuwa akwai takardar gwaji da hannu, a nan ne yaro zai ga kayan awo a gabansa, watakila karo na fari, hannunsa na rawa. Wanda ya faɗi kimiyya ƙofar likita da ta injiniya da ta aikin gona na zamani ta rufe masa, ƙasar hakimi kuma ta ci gaba da jiran baƙi su zo su riƙe mata asibiti.

Ba yau aka farga ba. Tun 1957 aka kafa ƙungiyar malaman kimiyya ta Nijeriya, a 1976 kuma aka buɗe Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Amma tsarin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne wanda a ke kira SMASSE. An fara shi a ƙasar Kenya a 1998 da taimakon Gwamnatin Japan, a gundumomi 9, sa'an nan a 2003 aka yaɗa shi ko'ina cikin ƙasar. A 2006 ya iso Jamhuriyar Nijar domin malaman sakandare, a wannan shekara kuma aka gwada irinsa a jihohin Kaduna da Neja da Filato domin malaman firamare. Ginshiƙansa su ne darasi ya zama da aikin yi, yaro ya zama shi ne mai yin aikin, a yi gwaji, in kuma babu kayan kanti a ƙago madadinsu daga abin da ke kusa. Wannan na ƙarshe shi ya fi shafarmu.

Abin da A Ke Yi a Wurin Kwas

A kan raba malamai ƙungiya ƙungiya, huɗu ko biyar a tebur ɗaya, a ajiye musu kaya, a ba su tambaya. Ba a faɗa musu amsa. Ga misali uku ko huɗu.

Na fari, zoɓo. A litattafan kimiyya akwai wata 'yar takarda da a ke tsomawa cikin ruwa don a gane ko mai tsami ne, watau asid, ko kuwa kishiyarsa ne, watau alkali, irin kanwa da ruwan toka. Takardar nan sai an sayo daga birni. Ashe ruwan zoɓo yana yin wannan aiki. A jiƙa shi, a tace, a zuba a kofuna uku. A matsa lemun tsami a na fari, sai ja ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, sai ya juye ya yi duhu, ya koma wajen kore. Na uku a bar shi don kwatanci. Sa'an nan a riƙa ɗiga lemun tsami a kan na kanwa kaɗan kaɗan, ana ƙirga ɗigo, har jan ya komo. Wannan shi ne tushen awon da a ke tambaya a jarrabawa. Kowace mace da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta san rabin darasin nan tun kafin malam ya buɗe baki, yaron da aka nuna masa haka kuwa ba zai ƙara ɗaukar kimiyya abin Turawa kaɗai ba.

Na biyu ya fi ban sha'awa, don malaman ya ke kamawa. A kafa kyandir a faranti mai ruwa, a kunna, a kife kwalba a kansa. Jim kaɗan wutar ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalba. Shekara da shekaru ana gaya wa yara wai ruwan ya maye gurbin iskar oksijin da wuta ta cinye ne, wai wannan ya nuna oksijin kashi ɗaya ce cikin biyar na iska. A wurin kwas sai a ce wa malamai su sake, amma da kyandir biyu, sa'an nan uku. Ruwa sai ya ƙara hawa sama. To, in da oksijin ce kaɗai dalili, ai yawanta a kwalba ɗaya ne ko kyandir nawa aka kunna. Gaskiyar magana, zafi ne ya kumbura iskar, wata ta fice sa'ad da a ke kife kwalba, da wuta ta mutu sauran ta huce ta tsuke, ruwa ya shigo. Lalle oksijin kamar kashi 21 ce cikin 100, amma hanyar nuna haka ita ce a cusa jiƙaƙƙen soson ƙarfe a gindin kwalba, a kife ta cikin ruwa, a bari ya yi tsatsa kwana biyu ko uku. Tsatsa na shan oksijin a hankali ba tare da wuta ba, ruwa kuwa zai hau kusan kashi ɗaya cikin biyar. Malamin da ya yi shekara goma yana koyar da bayanin farko ba lacca ce za ta raba shi da shi ba, sai ya gani da idonsa.

Na uku aikin injiniya ne. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwa na tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa, bushewar nan kuwa tana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir da yalo da alayyafo su kan daɗe a ciki ba su lalace ba. A wurin kwas ba a tsaya ga yabo ba. Kowace ƙungiya za ta haɗa tata, ta sa ma'aunin zafi ciki da waje, ta rubuta safe da azahar da la'asar. Wannan ta ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, waccan a kusurwar ɗaki, wata ta sa yashi mai kauri. Daga lissafin za su gane abin da ya sa ta fi aiki da bazara da lokacin hunturu, ta yi rauni da damina sa'ad da iska ke cike da laima.

Akwai kuma gadar kara, inda za a ga siffa mai kusurwa uku ta fi mai huɗu ɗaukar nauyi, da maganaɗisun ƙusa, wanda a ke naɗa wa wayar tagulla a haɗa da batir, a ƙirga allurai nawa zai ɗaga in an ƙara naɗi. Yaranmu da ke ƙera motar kara ba sai an roƙe su ba.

Bayan gwaji kowane malami zai tsara darasi, ya koyar da shi gaban 'yan'uwansa, su faɗa masa inda ya yi daidai da inda ya kauce, ya gyara ya sake. Wannan sashe ya fi wuya ga manyan malamai, don ba kowa ke jure gyara daga na baya gare shi ba.

Inda Abin Kan Lalace

Tsarin SMASSE hawa hawa ne. Ƙwararru su koyar da kaɗan, kaɗan ɗin su koma yankunansu su koyar da sauran. Yana da arha, amma kamar kunu ne da a ke ƙara wa ruwa a kowane gida, kafin ya kai ƙauye ya tsinke. Wani lokaci kuma a kan aika wanda ba malamin kimiyya ba don ya sami guzuri, ko kuwa malami ya komo da himma a yi masa canjin wurin aiki kafin wata uku. Mafi yawa dai, ya komo ya tarar da yara ɗari a aji, ɗakin gwaji a kulle, mabuɗi a aljihun mai tsoron kada a fasa kwalba a ce ya biya.

Hannun Hakimi

Tuni makarantu suka fita daga hannun En'e, saboda haka hakimi ba shi ne zai ba da umurni a makaranta ba. Amma maganarsa tana da nauyi wurin shugaban makaranta da iyayen yara da masu sana'a. In ya ziyarci makaranta, ya tambaya wane ne ya je kwas, ya kuma nemi a yi gwaji ɗaya a gabansa, yara su yi, ba malam ba. Ya sa Sarkin Maƙera da magina tukwane da kafintoci da masu gyaran rediyo su buɗe wa malamai ƙofa, don guntun waya da tsofaffin ƙusoshi da su ke zubarwa kayan darasi ne, su kansu kuwa sun san ƙarfe da yumɓu fiye da littafi. In malaman makarantu uku ko huɗu na kusa suna so su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata su gwada wa juna darasi, a sama musu wurin zama. Sai dai a ja kunne, kada a kusanci wayar wutar gari ko ruwan batirin mota, batirin tocila ya isa.

Malamin hakimi kuma ya keɓe shafi a littafinsa, ya rubuta sunan makaranta, da sunan malamin da ya je kwas, da fannin da ya ke koyarwa, da ranar komowarsa, da kayan da ya zo da su da wanda aka danƙa wa ajiyarsu. Bayan wata uku ya duba ko malamin na nan ko an ɗauke shi, ya shigar da abin da ya samu cikin rahoton da hakimi zai aika wa Majalisar Sarki.