Ƙayar kusu: abin da busasshen ganye ke koya wa mai tattara kalmomi

A manyan ma'ajin tsirrai, irin na Kew da ke Ingila, akan busar da reshe, a manna shi a takarda, a rubuta inda aka tsinko shi, da ranar, da sunan mai tsinkowa, wani lokaci har da sunan da mutanen wurin ke kiran sa. Wannan layi na ƙarshe ne rabon ɗalibin harshe.

Misali shi ne wani tsiro mai yaɗo da ƙayoyi, wanda masana ke kira Smilax anceps, a da kuwa Smilax kraussiana. Likita J. M. Dalziel, wanda ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kawo masa suna kwaranga da ƙayar kusu. Ya kuma kawo ƙayar ɓera, amma ga wani tsiro dabam, na dangin Asparagus. To, kusu da ɓera dabba ɗaya ce, bambancin na karin harshe ne kurum: Basakkwace ya ce kusu, Bakano ya ce ɓera. Wanda ya tsaya ga ma'anar kalma zai ɗauka tsiro ɗaya ake nufi, alhali biyu ne.

Samfuran kwaranga daga ƙasa mai damshi aka fi tsinko su, a bakin kurmi da gefen rafuka na kudu. Ƙasar Guna kuwa, kudu da birnin Damagaram, ƙasar rairayi ce, ta gawo da aduwa da gero, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Idan manomi a Guna ya ce "ƙayar kusu", ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya rubuta Smilax nan take ya yi gaggawa. Mai yiwuwa wata ƙaya ce ta bayan gari sunan ya koma kanta, domin suna na bin fatake da masu magani ya isa inda saiwa ba ta kai ba.

Su ma takardun suna da gurguntaka. Suna faɗin inda ganye ya fito, amma da wuya su faɗi garin tafintan da ya ba da sunan, kuma tsofaffin rubuce-rubuce sukan haɗe k da ƙ.

Saboda haka ɗalibin da zai fita aikin fili ya riƙe jarida da katako biyu tare da rikoda. Ya sa a nuna masa tsiron, ya matse reshe mai ganye da fure, ya rubuta unguwa da ranar, sannan ya tambayi mai maganar inda aka haife shi.