Tauraruwa Mai Wutsiya

Darasinmu na wannan wata a kan tauraruwa mai wutsiya ne. Ku fara buɗe Irmiya sura 10, aya 2, inda annabi ya gargaɗi jama'ar Allah kada alamun sama su firgita su. A nan ƙasar Gwandu mun tashi muna jin tsofaffi suna cewa in ta fito, to, sarki zai mutu, ko kuwa a yi yunwa ko yaƙi. Har cikin ekklesiya akwai waɗanda ran Lahadi su na sujada, amma in suka ga baƙon abu a sama sai su nemi laya a ɓoye. Domin wannan ya kamata mu san ko mece ce ita.

Wadda aka fi sani ana kiranta da sunan Edmond Halley, wani masani na Ingila. Ya bincika labarin waɗanda aka gani a 1531 da 1607 da 1682, ya gane ashe guda ɗaya ce ta ke kewaya rana, ta na komowa bayan shekara 75 ko 76. A 1705 ya rubuta cewa za ta komo wajen 1758. Shi kansa bai gani ba, gama ya mutu a 1742, amma ran Kirsimati na 1758 wani manomi a Jamus ya hango ta da madubin hangen nesa.

To, bari mu auna maganar tsofaffi da tarihin ƙasarmu. Ta fito a 1835, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, shi kuwa ya ci gaba da sarauta har 1858. Ta fito a 1910, zamanin Haliru, ya ƙara shekara 5. Ta fito a 1986, zamanin Haruna Rashid, ya kai 1995. Wani zai ce, ai an yi babbar yunwa a 1913 zuwa 1914. Gaskiya ne, amma a lokacin ta yi shekara 3 da wucewa. Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903 kuwa, ba ta ko kusa. Mai gargaɗin da ba ya zuwa ran masifa, sai ranar da lissafi ya yanka masa, wane irin mai gargaɗi ne?

Masu duba da madubi sun raba jikinta kashi 3. A tsakiya akwai ƙwaya, curin ƙanƙara gauraye da ƙura da tsakuwa. Sa'ad da ta kusaci rana sai zafi ya sa ƙanƙarar ta zama tururi, ya lulluɓe ƙwayar kamar hazo. Wannan shi ne kan da mu ke gani. Sa'an nan hasken rana da wata iska mai fitowa daga rana su kan tura ƙurar da tururin waje ɗaya, su zama wutsiya. Shi ya sa kullum wutsiyar ta na fuskantar nesa da rana. In tauraruwar ta juya za ta koma, wutsiyar ce a gaba, abin da ba dabbar da ta taɓa yi.

A watan Maris 1986 mutanen Turai suka aika wata na'ura mai suna Giotto, ta wuce kamar mil 370 daga ƙwayar, ta ɗauko hoto. Abin da aka gani ya ba da mamaki. Tsawonta wajen mil 9 ne kaɗai, faɗinta mil 5, siffarta kamar gyaɗa cikin ɓawo. Mutumin Kalgo da ya yi sammako zai taka mil 9 kafin rana ta take. Launinta kuma baƙi ƙirin, kamar gawayi: cikin kashi 100 na hasken da ya faɗa mata, wajen kashi 4 kaɗai ta ke mayarwa. Ba ta da wuta tata ta kanta. Dukan ƙyallin nan da ya firgita kakanninmu aro ne daga rana.

Ana tabbatar da wannan in aka bi ta sa'ad da ta yi nisa. Wutsiya ta kan ɓace, hazo ya ragu, haske ya dushe. Sau ɗaya, a Fabrairu 1991, masu duba a ƙasar Cile suka ga ta yi haske farat ɗaya, ƙura ta fashe daga jikinta, daga baya ta lafa. A 2003 aka sake samunta da manyan madubai na ƙasar, ta na nesa da rana sau 28 na nisan da ke tsakaninmu da rana. Sai da aka haɗa hotuna masu yawa kafin ta bayyana, ɗan ɗigo wanda ido ba zai taɓa gani ba.

A Disamba 2023 ta kai iyakar tafiyarta, ta juyo. Za ta iso a 2061. Da yawa cikinmu ba za mu kai ba, amma yaran da ke makarantar Lahadi yau za su gan ta da furfurarsu. Malamai, ku rubuta musu shekarar a allo tun yanzu.